Abin da na gani a gonar koko a Ondo

Ni ɗan Tudun Wada ne a nan Kaduna, fataucin goro muka gada a gida, shi ya riƙa kai ni Kurmi wajejen Idanre a jihar Ondo har na karɓi hayar wata 'yar gonar koko, wannan da ake cakulan da shi. Wani dattijo Bayarabe ke kula min da ita, Baba nake ce masa, ni kuma ina zuwa ina dawowa.

Koko fa kuɗinsa a dunƙule yake zuwa. Babbar kaka daga wajen Oktoba zuwa Janairu, sai 'yar ƙaramar tsinka a tsakiyar shekara, shi ke nan. To amma damina na kankama dole ka yi feshi saboda cutar nan da ke baƙanta ƙwanson ta ruɓar da shi, ga kuɗin 'yan ƙwadago, ga kuɗin makarantar yara a Satumba, duk a lokacin da aljihu ya bushe. Nan masu awo, wato dillalan da ke auna koko su saya, suke kama mutum, su ba ka kuɗi ko magani bashi, kaka ta yi ba ka isa ka kai buhunka wani wuri ba, yadda suka yanka haka za ka karɓa. A 2024 da tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya na ga manoman da sai labari suka ji, don tun ɗanye sun cinye rabin kayan.

Baba kam bai taɓa karɓar sisin mai awo ba. Shiga gonarsa ka gani, agada ce ke yi wa ƙananan dashe inuwa, duk ranar kasuwa matarsa na fita da nono biyu ko uku, ga itatuwan goro a tsakiya, ga kwakwar manja a gefe, ga rogo. Ba wani kuɗi mai yawa ba ne wallahi, amma cefane da asibiti ba sa jiran Oktoba. Shi ya ce min, "Alhaji, koko na gini ne da aurar da yara, agada ce ke riƙe tukunya." Haka na bi, na zuba agada duk inda tsohuwar bishiya ta mutu, kuɗin feshi kuma daga ribar goro nake cirewa in ajiye tun Maris.

A gida ma na sayo wa uwargida injin markaɗe da awaki, dama ta daɗe tana min maganar. Ƙanena da ke noman citta a Kachia shi citta kawai ya sani, da cutar 2023 ta shigo ta ruɓar da ita a ƙasa sai da muka haɗa masa kuɗin abinci. Yanzu ya raba gonar, masara da waken suya sun ci rabi.

Abu ɗaya dai, kowace sana'a da ka ƙara sai ta nemi mai tsaya mata. Abokai suna ta zuga ni in ƙara kiwon kaji, na ƙi, tsadar abincinsu ta isa, kuma ni rabin wata ina hanyar Lokoja.