Makunnin igiyar da ya daina tashin jaririya

Ƙarar tsohon makunnin banɗakinmu ba ta taɓa damun kowa ba sai da muka samu jaririya. Irin na igiya ne da ake kafawa a silin, kana ja sai ya yi ƙas! kamar an karya busasshen kara. Da rana ba mai lura. Amma ƙarfe biyun dare, ga banɗakin manne da ɗakin kwana, ja ɗaya ya isa ya tashe ta, kai kuma hasken ya doke ka a ido har barcin ya gudu. Wata asuba maiɗakina ta ce, "Maigida, ko dai ka san yadda za ka yi da igiyar nan, ko kuwa rarrashin dare ya koma hannunka."

Da farko na so in mayar da shi na bango, sai na fasa. Ba don ado ake sa igiya a banɗaki ba. Jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe saurin ɗaukar wuta, igiyar kuwa ba ta ɗauka, makunnin yana can sama inda yatsa ba ya kaiwa. Don haka na nemo na igiyar dai, amma mai rage haske. Abin da ke ƙara a tsohon shi ne sifirin da ke fizgar ƙarafan ciki su haɗu da ƙarfi. Sabon ɗan maɓalli ne kawai a ciki, sauran aikin na'ura ce ke yi. Ja kaɗan ya kunna ko ya kashe, in ka riƙe igiyar hasken ya riƙa hawa ko sauka, kuma yana tuna inda ka bar shi.

Sauyawar kanta ba ta kai minti ashirin ba. Na kashe wutar layin fitilu daga babban akwati, na gwada testa a inda na san akwai wuta don in tabbatar tana aiki, sannan na gwada wayoyin makunnin. Kafin in kwance komai na ɗauki hoto da wayar hannu. Wayoyi biyu ne ke aiki, ɗaya ta kawo wuta, ɗaya ta kai wa fitila, ta ukun ta ƙasa ce. A nan launi kan yaudari mutum: shuɗiyar da na tarar mai ɗauke da wuta ce, wanda ya yi wayarin ɗin ya naɗa mata ɗan tef a baki don alama, tef ɗin ya kusa faɗuwa. A jikin sabon makunnin, mai kawo wutar ta shiga ramin da aka rubuta wa COM, ɗayar ta shiga wanda aka rubuta wa L1. Na ɗaure, na sauko daga tsani ina jin kaina gwani.

Ina mayar da wuta fitilar ta fara ƙifce-ƙifce kamar mai ciwon ido.

Laifin ƙwan ne. Wutar gida tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, sau 60 a ƙasashe irin su Amurka, shi kuma mai rage haske yanke wani yanki yake yi daga kowane zagaye. Tsohon ƙwai mai zare ba ruwansa, zaren bai gama hucewa ba wuta ta dawo. Ƙwan LED kuwa yana da ƴar na'urarsa a gindi, in ba a ƙera ta don hakan ba sai ta rikice. Na sayo wanda aka rubuta a kwalinsa cewa ana iya rage haskensa, mai wat 5. Ƙifcen ya ragu, amma in na yi ƙasa sosai sai ya dawo. Sai a lokacin na karanta takardar da ta zo da makunnin, wadda tun farko na cusa a aljihu: akwai mafi ƙarancin wat da yake buƙata, ƙwan nawa bai kai ba. Da na sa mai wat 10 ya zauna lafiya.

Abin da ya fi ba ni haushi fankar fitar da tururi ce. Ashe a layi ɗaya take da fitilar, ni kuma sam ban kawo ta a lissafi ba. Ina rage haske sai ta soma gurnani tana juyi da ƙyar. Injin fanka ba ya son yankakkiyar wuta, zafi yake yi, yana iya lalacewa ya tafi da makunnin. A nan na san iyakata, na kashe layin na kira mai aikin wuta ya raba su, fankar ta samu nata makunnin. Shi ne ma ya nuna mini cewa sukurorin da na ɗaura a allon silin kawai suka kama. Tunda wannan riƙe igiya ake yi ana ja, da sannu zai zazzago. Ya shiga sama ya kafa ɗan katako, muka ɗaure a jikinsa.

Yanzu da dare muna barin hasken can ƙasa, daidai ganin hanya, yarinya na ta barcinta. Baƙi ne kawai ke shan wahala. Suna ja ba su ji ƙas ba, sai su ɗauka bai kama ba, su sake ja, su kashe da kansu, su tsaya cikin duhu suna sallama.