Dokin da ya san teku daban yake

Duk wanda ya taɓa zuwa hutu Legas ya biya kuɗin geti ya shiga irin wuraren shaƙatawar nan na bakin teku da ke Lekki, masu katanga da masu gadi, inda za a ɗaura maka wata 'yar roba a hannu shaidar ka biya, ga rumfunan ciyawa da gadajen kishingiɗa a jere, to ya gan mu ko da bai san mu ba. Mu ne masu dawakin nan da ke kai-kawo a bakin ruwa. Ni dai dawakina bakwai ne yanzu da yara huɗu masu ja, kuma kulob ɗaya muke aiki da shi shekara biyar ke nan, su suka neme mu ba mu muka neme su ba, wannan kam ina faɗa ba kunya.

Mutane sai wajen sha biyu suke fara shigowa, ranar Asabar da Lahadi kuwa sai la'asar wurin ke cika maƙil, kiɗa na tashi, ana gasa kifi ana fasa kwakwa, yara na gina gidan yashi, 'yan mata na ɗaukar hoto kamar an aiko su. Mu kuwa tun bayan sallar asuba muna barga. Kowane doki sai na ɗaga ƙafafunsa huɗu da hannuna na duba kofato, na shafa bayansa inda sirdi ke zama ko akwai kumburi, sannan a ba su dusa da harawa a cikin kwami, ba a ƙasa ba. Wannan maganar kwami ba ƙaramar magana ba ce, dokin da ke cin abinci a kan yashi yana haɗiyar yashin kaɗan-kaɗan har ya taru masa a hanji, wata rana kawai ka ga yana birgima yana duban cikinsa, kafin likita ya iso daga cikin gari da irin go-sulon Lekki ai sai dai haƙuri.

Kawuna ne ya koya min wannan, Allah ya jiƙansa. Shi ya ɗauko ni daga Katsina a 2003 ina ɗan saurayi, lokacin ina ganin ai na gama sanin doki tunda na yi kilisa na bi tawaga a hawan Sallah. A Bar Beach yake aiki a Victoria Island, wajen titin Ahmadu Bello, lokacin da teku kan yi ambaliya ta hau har kan kwalta. Yanzu wurin ma babu shi, tun 2008 aka fara cike shi da yashi aka gina sabuwar unguwar benaye ta Eko Atlantic a kai, yaran da ke min aiki in na ce musu a nan na koyi sana'a sai su yi ta dariya wai Baba a cikin benaye ka koyi hawa. Ranar farko da na hau wani akawali nasa, wato baƙin doki, na sake masa linzami a busasshen yashi ina nuna bajinta, kawu bai ce min komai ba sai da na sauko, ya kama kunnena ya kai hannuna kan jijiyar ƙafar dokin ta gaba, ya ce taɓa ka ji, ɗan nan. Zafi rau. Ya ce busasshen yashi yana cin ƙafar doki kamar yadda gara ke cin azara, ba ka gani sai ta karye. Wata uku ban sake hawa ba, sai kwasar kashi da wanki.

Daga nan na san ashe bakin teku layi-layi ne. Akwai busasshe na sama inda ƙafa ke nutsewa, akwai na can ƙasa inda igiyar ruwa ke dukan gwiwa tana janye yashin daga ƙarƙashin kofato, sai kuma ɗan siririn layi a tsakiya mai danshi mai tauri kamar daɓe, a nan kaɗai ake tafiya da baƙo. Kuma layin nan ba ya zama wuri ɗaya, ruwa na cika yana janyewa sau biyu a yini da kwana, inda ka bi da azahar ba nan za ka bi da magariba ba. Tekun Legas kuma ba tafki ba ne, Atlantika ce, tana da wani ja na ƙarƙashi da ke ɗauke ƙato yana tsaye, shi ya sa in kwastoma ya ce min Malam shigar da ni ruwa sosai hoton ya fi kyau, nakan ce ranka ya daɗe hoton zai yi kyau a nan ma.

Shi kansa dokin sai an koya masa teku. In na sayo sabo daga Maigatari, dabbar da tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na rafi ba, ka kawo ta gaban wannan ruri ai sai ta miƙe tsaye da ƙafa biyu. Sati-sati nake yi ina tsayar da shi nesa yana kallo kawai, kusa da wani tsohon kili, wato farin doki, da nake da shi wanda ko bindiga aka harba ba ya motsi, kullum a matso taku kaɗan, sannan a saba masa da lasifika da lema da ke kaɗawa da jirgin hoton nan mara matuƙi da masu biki ke tashi a saman kanmu. Sai na ga yarona mafi ƙanƙanta ya hau shi ba sirdi ya dawo lafiya sannan nake yarda baƙo ya hau.

To a nan ne abin ke ɓata min rai. Kana wannan wahalar sai wasu su je su samo ramammen doki duk ƙashin haƙarƙari a waje, bayansa gyambo an rufe da tsumma, su tsaya a bayan katanga inda bakin ruwan ba na kowa ba ne suna kiran mutane da rabin kuɗi. Ba horo ba komai, bulala kawai. Kwastoma kuma ya zo yana ce maka aboki ai can waje ya fi araha, mutumin da yanzun nan ya kama rumfa ta yini guda ya cika tebur da kwalabe bai ce uffan ba, amma a kan doki mai rai mai ci mai sha zai tsaya yana ciniki kamar ana sayar da tumatir a Mile 12. In dokin can ya kayar da wani kuma ba a cewa wane ne, cewa ake masu dawakin bakin ruwa, duk a haɗa mu a shafa mana baƙin jini.

Ga masu kawo harawa su ma. Daga arewa take zuwa a bayan tirela, wani sai ya ɗaure maka dami sama kore shar ciki kuwa ruɓaɓɓe ya sha ruwan sama a hanya, har da fumfuna. Yanzu kowane dami sai an kwance a gabana, su ji haushi su gaji.

Amma akwai ranakun da ke wanke duk wannan. Disambar bara wata Hajiya ta zo da jikokinta daga Ingila, ƙaramar cikinsu ba ta jin Hausa ko kaɗan, tana ganin kili ta ƙanƙame kakarta tana ihu. Na ce Hajiya a bar ta, kada a tilasta mata. Na ba ta guntun karas a tafin hannu na nuna mata yadda za ta buɗe yatsu, kili ya sunkuyo ya ɗauka a hankali kamar ya san abin da ake ciki, kafin rana ta faɗi yarinyar nan ta zaga sau uku har tana cewa a sakar mata ragama. Hajiya kuwa tana ganin sirdin nan da jalala mai aikin hannu irin ta gida sai ta yi shiru, ta ce rabon da ta ga irinta tun tana yarinya ana hawan Daushe. Da gangan nake sa kayan gida, duk da gishirin teku ba ya barin su, likkafa sai tsatsa, fata sai tsagewa in ba kullum kana shafe ta da man kaɗanya ba.

In an kira magariba muke janye dawakin, ko da kuwa mutane na layi, doki ba inji ba ne. Kowanne a wanke shi tas da ruwan famfo daga wuya har kofato don gishiri in ya kwana a jiki yana cinye fata, a tsane shi, a ba shi ruwa da ɗan kanwa. Masu son hoton kafin aure su riƙa faɗa tun da kwana biyu don Allah, farin doki wankinsa kaɗai awa guda ne, kuma da hantsi ake zuwa kafin yashi ya ɗau zafi.