Asabar, ranar cefanen wata

Albashi ya shigo jiya da daddare, don haka yau babu baccin safe. Ƙarfe 7 maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa da nata kason a ƙulle cikin leda. Mu huɗu ne a layinmu muke haɗa kuɗi duk ƙarshen wata, mu saro taliya da sabulu da magi katan-katan a kasuwar Singa da ke Kano, mu dawo mu raba a tsakar gida. Mai sayen ɗai-ɗai a shagon unguwa shi ke biyan ribar mai shago har da kuɗin motarsa. Mu kuwa kuɗin adaidaita sahu ɗaya muke kasawa huɗu. Wannan watan ni aka wakilta, sai na ja ƙanwata ta taya ni ɗauka.

Kasuwar Yankaba muka fara zuwa saboda kayan miya. Akwai wani dattijo da nake saye a wajensa tun ina amarya. Na taya kwanon tumatir, ya ce albarka. Na ƙara ɗari biyu, ya sake cewa albarka, ko kallona bai yi ba, yana ta jera attaruhu. Na yi kamar zan wuce.

"Hajiya, dawo mana. Ni da ke ai ba ta ɓaci. Kawo kuɗin."

"To Baba, gyara fa?"

Ya cika hannu biyu da tumatir ya zuba, ya ɗora albasa uku manya, sannan ya tsinko tattasai ya miƙa wa ƙanwata, wai na 'yar rakiya ne. Da na dawo gida na ware gyaran nan gefe don in gani, wallahi ya isa miyar rana guda. Abin da na lura shi ne, ragi ana yi wa kowa in ya iya ciniki, amma gyara mai kauri sai wanda aka saba da fuskarsa. Shi ya sa ba na yawon canja mai kaya saboda bambancin Naira 50.

A Singa ba a cika jan ciniki ba, farashin sari ne, ragin kaɗan ne. Mai shagon ya ce in tsabar kuɗi zan ba shi zai sauke mini wani abu a kan kowane katan, na ƙirga masa. Wata mata a gefena tana ta raba taransifa gida-gida, kowace 9,999, don kauce wa harajin Naira 50 da ake cira in turawa ta kai dubu 10. Ta daɗe tana fama da netwok, har muka bar ta a tsaye.

A cikin adaidaita ƙanwata ta saya mini data ta manhajar da ke wayarta, tana ta murna wai an dawo mata da Naira 40. Na ce ta ciro mu ƙara wa direba. Ashe ba ya ciruwa, sai dai a rage shi a sayayya ta gaba, a cikin manhajar dai. Kullum kuma sai ta shiga ta latsa wani abu, ga roƙon ƙawaye su yi rajista da lambarta. Ban raina ba, in dama za ka sayi katin ne, da babu gara ba daɗi. Amma yarinyar nan na ga tana sayen datar da ba ta buƙata don kar garaɓasa ta wuce ta.

Ina cikin yi mata wa'azi sai ni ma son banza ya kama ni. Mun tsaya wani babban kanti sayen man shafawa, na ga an rubuta a sayi madarar gari biyu a ɗauki ɗaya kyauta. Ko juya gwangwanin ban yi ba. Sai bayan la'asar, muna rabon kaya, maƙwabciyata ta kifa shi ta nuna mini kwanan watan: saura sati uku ta lalace. Gwangwani uku, gidan mutum huɗu! Ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ɗaya na sayar wa maƙwabciyar a rabin kuɗi, ita ma sai da ta nemi ragi. Sauran biyun gobe zan haɗa yogot, yara su kai makarantar Islamiyya ko za a samu masu saye.