Lafiyarta ƙalau, me za a kai ta yi wurin likita?

Tambayar da maigidana ya yi ke nan da na ce zan kai Toka asibitin dabbobi. Toka chinchilla ce da muka saya wa 'yarmu a nan Ingila, 'yar dabba mai laushin gashi, kamar an haɗa zomo da kurege. Asalinsu duwatsun Andes ne a ƙasar Chile. Hujjar maigidan ita ce ba a yi musu allurar rigakafi irin ta kare da kyanwa, kuma gaskiyarsa ce. Amma ni ba allura ce ta dame ni ba, haƙora ne.

Haƙoran chinchilla 20 ne, kuma duk ba sa daina tsiro har ta mutu. Tauna busasshiyar ciyawa ce ke goge su. Na gaba kowa na iya gani, in sun yi ruwan lemo to lafiya, in sun yi fari fat akwai matsala. Na can ciki kuwa sai likita ya leƙa da 'yar fitilarsa. In suka karkace suka fara yankar harshe, ba za ta nuna ba, don dabbar da ake farauta a daji ɓoye ciwo take yi. Kafin ka ga miyau ya jiƙa mata haɓa, abu ya riga ya yi nisa.

Don haka na kai ta tun tana ƙarama. Ba kowane likita ya san su ba, sai da na nemi mai duba irinsu zomo. Likitar ta ɗaga gashin tana neman makero, wanda ke yawan kama ƙanana, ta lalluba muƙamuƙi da yatsa, ta ɗora ta a sikeli. Toka ta yi ta ƙara kamar ana yanka ta. Kuɗin ma ya ɗan ciji aljihu, ba na musu.

Yanzu sau ɗaya a shekara muke zuwa, da sassafe, saboda in zafi ya wuce digiri 27 yana iya kashe su. Tsakanin nan, duk mako ina auna ta da sikelin kicin, in rubuta giram nawa. Ranar da nauyi ya ragu, ko kashinta ya ƙanƙance, ko ta ƙi ci, ba jiran shekara, a ranar za mu tafi. Dabbar da ke iya haura shekara 15 ce, 'yarmu na iya gama jami'a tana nan.