Injin man gyaɗa a tsakiyar unguwa

Mu da muka taso Katsina in an ce masana'anta hankalinmu kamfanin mulmula ƙarafan nan na 1982 yake tafiya, ko masaƙar Funtuwa, wato abu babba mai get da masu gadi. Shi ya sa da na ce zan kafa injin matse man gyaɗa a kangon gidanmu wajen Ƙofar Marusa mutane suka yi ta dariya wai na kai shi bayan gari mana. Na ƙi, don bayan gari ba ma'aikata, yaro sai ya hau napep biyu kafin ya iso, kuma tunda aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ladansa.

Cikin unguwa kuwa da ƙafa suke zuwa. Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne mata, tunkuzar da ke fita daga injin tun da ɗuminta yara ke layi da kwano, iyayensu na cikin gida suna murza ƙuliƙuli, har wata Inna ta ce min "ɗan nan kada ka matse ta ƙaraf, bar mana ɗan mai a jiki". Tun ranar na sassauta injin.

Rigimar ita ce janareta. Wuta ba ta zama, dizal tsada, ga ƙara ga hayaƙi, maƙwabta suka kai ni gun mai unguwa. Nan aka yanke ana kiran Magariba in kashe, kuma in ja wa masallaci waya ɗaya, shi kenan aka zauna lafiya, wlh wannan zaman ya fi min duk takardun da na bi ofis-ofis ina nema amfani, su masu haraji dai ba sa ɓatan hanya.

Sai siyasa. Lokacin kamfen wani ya aiko a ba shi yarana su cika masa taro, har da biyu da a da ƙauraye ne. Na ce ga su nan a tambaye su. Ɗayan ko ɗagowa bai yi ba, yana ɗura mai a jarka ya ce ran Asabar ake biyansa, wa zai riƙe masa mazurari in ya tafi? Wanda aka aikon bai ji daɗi ba, kuma alƙawarin taransifoma da aka yi wa layinmu tun ranar ba a sake tada shi ba.