Talata a kan hanya: daga Las Vegas zuwa Grand Canyon da lasisin Jamus

Tafiyar yau a Amurka, daga birnin Las Vegas zuwa Grand Canyon, babban kwazazzabon nan na jihar Arizona, mil 280 ce a takarda, wato wajen kilomita 450, kuma taswirar waya ta ce awa huɗu da rabi. Wannan lissafin wanda ba zai tsaya ko shan ruwa ba ne. Mu da muka biya ta madatsar ruwa ta Hoover, sannan muka ratse ta tsohuwar hanyar Route 66, wuni guda cur muka yi.

Wanda ya zo daga Jamus ko Faransa yakan ɗauka ba shi da matsala, tunda hannun dama ake bi a can, nan ma haka. Mutanen Ingila ne ke shigowa a tsorace, kuma tsoron kan yi musu rana. Mu 'yan hannun dama sakin jiki ne ke cin mu, domin abubuwan da suka bambanta ƙanana ne, ba ka ganinsu sai ka zo kansu.

Da hantsi muka karɓi mota. Wurin hayar motoci ba a cikin filin jirgin sama na Harry Reid yake ba, bas ce ke kai mutane kyauta. A kanta za su nemi lasisi da fasfo da katin banki na bashi mai sunan direban, don a kansa suke riƙe kuɗin jingina. Lasisin ƙasa da ƙasa fassara ce kawai, ba ya aiki sai tare da na asali. Wanda bai kai shekara 25 ba akwai ƙarin kuɗi a kansa kullum.

Inda ya kamata mutum ya natsu shi ne inshora. Iri biyu ce, kuma ana yawan cakuɗa su. Ɗaya ta motar hayar ce idan ta bugu ko aka sace ta. Ɗayar kuma ta mutumin da ka yi wa ɓarna ce. A Jamus doka ba ta yarda wannan ta biyun ta gaza yuro miliyan 7.5 a kan rauni ko rasa rai ba, shi ya sa ba wanda ke tunaninta. A jihar Nevada, inda Las Vegas take, mafi ƙaranci dala 25,000 ne ga mutum ɗaya, kuɗin da asibitin Amurka zai lanƙwame cikin 'yan kwanaki, ragowar kuma daga aljihunka. Idan tun daga Turai ka kama motar, galibi an riga an haɗa maka duka biyun da kariya mai kauri. Sai ka buɗe takardarka ka duba kafin ka zo kanta, don kada a sake sayar maka da abin da ka biya.

Motar mai canza giya da kanta ce, kusan duk motocin haya haka suke a nan. Wanda ƙafarsa ta hagu ta saba da kuloci, da ya zo tsayawa za ta nemi abin takawa, sai ta sauka a kan birki da dukan ƙarfinta, kowa ya yi gaba. Maganin shi ne ka naɗe ta baya, kamar ba ka zo da ita ba. Giya kuma ba ta barin P sai ka taka birki.

Cikin gari, danjarsu a ƙetaren mahaɗar take rataye, ba a gefenka ba. In ka ce sai ka isa gindin fitilar za ka tsaya, to a tsakiyar titi za ka tsinci kanka. Farin layin da ke ƙasa shi ne iyakarka. Ko danja ta nuna ja, an yarda ka karya dama, amma sai ka tsaya cak tukuna, ka duba masu tafiya a ƙasa da motocin da ke zuwa daga hagu, sai fa in akwai allon da ya hana. A Jamus sai inda aka liƙa koriyar kibiya ake yin haka, don haka baƙo yakan tsaya yana jira, na baya na ta danna masa ham.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne mararrabar da kowane ɓangare ke da allon STOP. Babu shataletale, babu danja, babu wanda hanyarsa ta fi ta wani. Wanda ya riga tsayawa shi ke fara wucewa, in kun iso tare sai na damanka ya fara. Tsarin yana tafiya ne kawai saboda kowa yana ƙirga layi a ransa, kuma ni dai na ga ya fi dokar ba na dama hanya ta Turai sa mutum ya buɗe ido. Tsayawar kuwa ta gaske ce, sai tayoyi sun daina juyawa. A wata unguwa kafin mu hau babban titi mun haɗu da bas ɗin 'yan makaranta, ruwan ɗorawa, ta kunna jajayen fitilu ta miƙo allonta. Motocin bayanta da masu fuskantarta duk suka tsaya. Wannan ba alfarma ba ce, doka ce mai tara mai nauyi, sai dai in akwai shinge tsakanin hannuwan titin biyu.

Daga birnin zuwa Hoover bai wuce tafiyar minti arba'in da biyar ba. Akwai shingen bincike kafin a shiga. Madatsar tana kan iyakar jihohin Nevada da Arizona, an kammala ta a 1936, tsayinta mita 221. Sabuwar gadar da aka buɗe a 2010 ita ke ɗauke da babbar hanya yanzu, amma daga cikin mota ba a ganin komai saboda katangar gefe. Sai an ajiye mota a ɓangaren Nevada an hau da ƙafa. A kan hasumiyoyin madatsar akwai agogo biyu, na Nevada da na Arizona. Yanzu a Satumba lokaci ɗaya suke nunawa, domin Nevada kan matsar da agogonta gaba da awa ɗaya da bazara, Arizona kuwa ba ta yi. Da hunturu kuwa tana gaba da awa ɗaya.

Allon mota ya nuna 100, wato a ma'auninsu na Fahrenheit, kusan digiri 38 ke nan. Daga nan zuwa Kingman wajen mil 75 ne na fili fetal, garuruwa jefi-jefi, sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa. Ruwan sha galan ɗaya ga kowane mutum, taswira a sauke ta cikin waya tun a masauki, tanki kuma kada ya sauka ƙasa da rabi.

A Kingman muka sha mai, kuma nan ne tarkon da ya fi kama Bature. A Turai koren hannun famfo fetur ne, baƙi kuma dizal. A nan yawanci akasin haka ne: kore shi ne dizal. Bakin famfon dizal ya ɗan fi kauri, sau da yawa ba ya shiga tankin fetur, amma kada ka dogara da wannan, karanta rubutun. Maɓallai uku ne a jikin famfon, 87 da 89 da 91, wato lambobin darajar fetur. Wanda ya saba da 95 zai ga kamar ruwa za a ɗura masa, alhali hanyar lissafin ce daban: 87 ɗinsu daidai yake da wajen 91 ko 92 na Turai, kuma shi motar haya ke sha. Farashin na galan ne, lita 3.785. Sannan a nan sai ka biya kafin mai ya fito. Na'urar kan nemi lambar gidan waya ta unguwarka mai lamba biyar, katin Turai kuwa sau da yawa ba ya wucewa a nan. Sai ka shiga ciki, ka faɗi lambar famfo da adadin kuɗin da kake so, abin da tanki bai ɗauka ba ya koma katinka.

A bayan gidan man muka haɗa Azahar da La'asar, ƙasaru. Alƙibla daga nan arewa ce mai ɗan karkata gabas. Uwargida ta ce, “Malam, anya wayar nan lafiyarta ƙalau?” Lafiyarta lau, hanya mafi kusa zuwa Makka daga yammacin Amurka ta saman duniya take bi.

Daga Kingman hanya biyu ce zuwa Seligman. Babban titin I-40 ya fi sauri. Route 66 ta fi shi tsawo da wajen mil goma sha biyar, ta bi ta Hackberry da Peach Springs, hedikwatar ƙabilar Hualapai, kusa da layin dogo inda jiragen kaya masu tsawon gaske ke wucewa. An kafa hanyar a 1926, aka cire ta daga jerin manyan hanyoyin ƙasa a 1985, bayan sabon titi ya kwashe mata motoci ya bar garuruwanta suna hamma. Wani mai aski a Seligman, Angel Delgadillo, shi ya jagoranci kafa ƙungiyar farfaɗo da ita a 1987, kuma yau garin da masu yawon buɗe ido yake ci. Titi ne mai hannu biyu, layin tsakiyarsa ruwan ɗorawa. Launin ma magana ce: ruwan ɗorawa na nufin motar da ke ƙetaren layin tana fuskantarka, fari kuma hanyarku ɗaya. In layin da ke ɓangarenka bai yanke ba, babu shan gaban kowa.

Da muka koma I-40 iyakar gudu ta zama mil 75, kilomita 120 ke nan. Tirela ma haka take gudu, ba kamar Jamus da aka ƙayyade mata kilomita 80 ba. Kuma ana wuce mutum ta dama da ta hagu, don haka madubin dama yana da aiki a nan, da waiwayen kafaɗa kafin sauya layi. Lambobin mafita kuwa na mil ne: mun hau a ta 123, za mu sauka a ta 165, saura mil 42 ke nan, ba sai an tambayi waya ba.

Mun wuce wani da ɗan sanda ya tsayar a gefen titi. Dokar ita ce ka koma layin nesa da su, in ba hali ka rage gudu sosai. Ɗan sandan Jamus yakan sha gabanka ya nuna maka ka biyo shi. Na nan a bayanka yake tsayawa da fitilu. Ka gangara dama, ka kashe mota, ka sauke gilashi, hannu biyu a kan sitiyari. Kada ka fito, kada ka kai hannu aljihu ko akwatin takardu sai ya nema, kuma ka faɗa masa inda za ka ɗauko. A ƙasar da bindiga ke hannun jama'a, fitowa don gaisawa barazana ce a idonsa.

Williams shi ne gari na ƙarshe a kan Route 66 da sabon titi ya kewaye, a 1984. Daga nan hanya mai lamba 64 ta miƙe arewa wajen mil 60. Ƙasar ta ɗaga sama da mita 2,000, itatuwa suka maye gurbin duwatsu, sanyi ya sauko har aka nemi rigunan da ke but. Magariba a wannan hanya lokacin manyan barewar nan ne da ake kira elk, waɗanda namijinsu kan haura kilo 300. In ka ga ɗaya ta tsallaka, akwai wasu a bayanta. Birki ake takawa a miƙe, ba a kaucewa da sitiyari, don kaucewar ce ke kifar da mota.

A Tusayan muka sauka, dab da ƙofar gandun shaƙatawa na Grand Canyon. Da asuba fitilar iskar taya na iya kamawa saboda sanyi. Adadin da ya dace yana manne a jikin ƙofar direba, a ma'aunin psi, inda 35 ke daidai da bar 2.4. Gobe in Allah ya kai mu gabas za mu yi ta ƙofar gandun da ke Desert View mu shiga yankin ƙabilar Navajo, su kuma suna matsar da agogo da bazara, don haka duk alƙawarin da aka yi da su sai a ƙara awa ɗaya a kan lokacin nan.