Abin da aikin rukhsar gini ya koya min game da gida mai araha a Jidda

Duk sanda aka zauna hira a majalisar 'yan uwa Hausawa a nan Jidda aka taɓo tsadar gida, abin da zaka fara ji shi ne siminti ya tashi, rodi ya tashi, ma'aikata sun yi tsada. Eh duk sun tashi kam, amma ni da nake aiki a ofishin injiniyoyi, irin wanda ke zana gini ya bi wa mutum takardunsa har baladiyya, wato hukumar gari, ta ba shi rukhsa, izinin yin gini kenan, abin da nake gani a kan teburina daban ne. Kafin a sauke buhun siminti ko ɗaya an riga an gama magana kan ko gidan nan zai yi araha ko ba zai yi ba, kuma a wajen fili da takarda ake gama ta.

Fili dai shi ne uban tafiya. Duk wanda ya san Jidda ya san irin manyan filayen nan da zaka wuce a mota a tsakiyar gari, an kewaye su an bar su, titi ya zo, wuta ta zo, maƙwabta sun gine ta ko'ina, mai shi kuma yana gefe yana jira farashi ya ƙara hawa don bai rasa komai ba in ya jira. A Nuwamban 2015 majalisar ministocin Saudiyya ta amince da harajin irin waɗannan filaye, kashi 2.5 cikin 100 na darajar filin duk shekara, aka fara da masu faɗin murabba'in mita 10,000 zuwa sama a Riyad da Jidda da Dammam, sannan a 2025 aka gyara dokar harajin zai iya kaiwa kashi 10, aka kuma sauko da ma'aunin zuwa mita 5,000. Wallahi ni dokar nan tana burge ni, don na ga aikinta da idona, magada da suka yi shekaru ba su ko leƙa filin kakansu ba sai gasu a ofis suna tambayar yadda za a yanka shi a fitar da mukhaɗɗaɗ, wato taswirar rabon filotai. Abin da ke damuna kawai shi ne yawancin abin da ake yankawa filotan bila ne, wato gidan ƙasaita na iyali ɗaya, manya manya, wanda direba ko mai gadi ko ƙaramin ma'aikaci ba zai ko tambayi kuɗinsu ba.

A nan ne na gane ƙarfin da ke hannun baladiyya, wanda mutane basa lura da shi. Ita ce ke faɗin hawa nawa za a yi a titi kaza, ratar da za a bari tsakanin gini da katangar maƙwabci, da wurin ajiye mota nawa dole a tanada. Ka ɗauka fili ne na riyal miliyan ɗaya. In doka ta ce shugga huɗu, wato fulat huɗu, kawai za su fita a cikinsa, kowace ta ɗauki dubu 250 na kuɗin ƙasa tun ba a haƙa tushe ba, in kuma aka yarda a yi takwas ƙanana kaga ya koma dubu 125. Sau da yawa muna zana imara, wato bene mai shugga da yawa, mai kyau da ƙananan shugga na ɗaki biyu, irin wanda sabon ango zai iya, sai lissafin fakin ya ƙi fita, dole mu goge mu haɗe su su zama manya guda kaɗan, mai ginin ma ya fi so haka don ba ruwansa, kuɗinsa zai fito ko ta yaya. Wanda aka goge ɗin shi ne yaron nan da ba shi da mota ma balle ya nemi inda zai ajiye ta.

Ba wai ina cewa a zubar da ƙa'ida ba ne fa. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa unguwar Guwaiza a ambaliyar Nuwamban 2009, da mutane sama da 100 suka rasu a garin nan, ba zai taɓa cewa a bar kowa ya yi gini a hanyar ruwa ba. Haka ma ƙa'idar gini ta ƙasa da aka fara ɗora wa gidajen zama a Yulin 2021, gwajin ƙasa, injiniya mai sa ido, inshorar shekara 10 kan lahanin da ke ɓoye a gini, mutane suna ƙorafi ta ƙara kuɗi kuma ta ƙara ɗin, amma talaka ne ya fi kowa buƙatarta tunda shi in bango ya tsage ba shi da na sake wani. Akwai ƙa'idar da ke tsare rai akwai wadda kawai aka gada aka ci gaba da bi, aikin hukuma ta zauna ta tantance su ɗaya bayan ɗaya.

Maganar lokaci kuma alhamdulillahi an samu sauƙi sosai, yanzu ta manhajar Balady muke tura komai, an rage yawon mu'aƙƙib, mai bi wa mutane takardu a ofisoshi, da fayil a hammata daga wannan taga zuwa waccan. Duk watan da aka rage a jiran rukhsa wata ne da mutum ba zai haɗa biyan haya da biyan banki ba.

To amma darasin da ya fi tsaya min a rai ba a kan zane na koye shi ba. Tun daga ƙarshen 2021 aka shiga rushe tsofaffin unguwannin da aka gina ba tsari, Ghulail, Karantina, Bitrumin, Sabil, Kandara, Nuzla da sauransu da yawa, kuma duk Bahaushen Jidda ya san nan ne mutanenmu suka fi yawa, wasu kakanninsu da ƙafa suka taho aikin hajji ta Chadi da Sudan suka tsallako ta Sawakin suka zauna. A kwanakin ne wani dattijo ya shigo ofishinmu da leda a hannu, ya ji ina waya da Hausa sai ya nufo teburina kai tsaye. Ya zazzage ledar, takardun kuɗin wuta ne na shekaru an ɗaure da kyauro, sai wata takardar ciniki da aka rubuta da hannu ta yi ja don tsufa, an naɗe ta har ta kusa rabewa a tsakiya, da dangwalen yatsun shaidu a ƙasa. Ya ce "ɗana duba min, wannan ba ta isa ba?" Na ce Baba wannan shaida ce kun saya kun zauna, amma ba sakki ba ce, wato takardar mallaka ta hukuma. Tsarin diyya kuwa a fili yake, mai sakki ana biyansa ƙasa da gini, wanda ba shi da ita ginin kawai ake ƙiyastawa. Ya daɗe yana kallon takardar sannan ya ce ɗaki shida ne a gidan, huɗu 'yan haya ne a ciki, su kuma fa? Ban da amsar da zan ba shi, don ɗan haya ba shi da layi a fom ɗin.

Ni na taso a irin waɗannan lungunan, ba zan yi wa kowa ƙarya in ce aljanna ce ba. Lungun da motar asibiti bata shiga, wayoyin wuta a sarƙe a sama, bayara, wato ramin masai, ta cika ta malalo sai an kira wayit, motar tanka, ya zo ya zuƙe, ga masu sayar da ƙwaya da suka addabi iyaye. Gyara ya zama dole. Kuma 'yan ƙasa da abin ya shafa an tanadar wa da yawansu matsuguni ko aka biya musu haya. Abin da nake cewa shi ne a lissafin gidajen gari waɗannan ɗakunan marasa kyan gani su ne gida mai araha na gaske da ake da shi, su ne matakalar ƙasa da kowa ke fara takawa, ranar da aka cire su dubban iyalai suka fito neman haya a lokaci guda a cikin gidajen da ba su ƙaru ba, masu imara kuma suka ga layi a ƙofa. Haya ta tashi har a unguwannin da ko bulo ɗaya ba a taɓa ba. Na san gidajen da iyali biyu suka haɗu a shugga ɗaya, na san waɗanda suka koma can bayan gari wajen Bahra, uba yana fita tun kafin asuba, yara an canza musu makaranta a tsakiyar shekara. Da an fara gina ƙananan gidajen haya kafin katafila ta shigo, ko a yi rusau ɗin kashi kashi ana jira kasuwa ta numfasa, da wahalar bata kai haka ba, wannan shi ne ra'ayina kuma duk garin da ke shirin irin wannan aiki, ko Kano ce ko Abuja ko Yamai, ina roƙon su kalli wannan tsarin na gaba da baya.

Shirin mallakar gida na ƙasar nan ba ƙarami ba ne, a faɗi gaskiya. A 2016 da aka fitar da Vision 2030, tsarin ci gaban ƙasar, kashi 47 cikin 100 na iyalan Saudiyya ne ke da gidan kansu, ana son a kai 70 a 2030, kuma tuni an haura 60. Shirin gidaje na gwamnati mai suna Sakani da aka fara a 2017 yana tallafa wa mutum a kan bashin banki, harajin cinikin gida na kashi 5 ma gwamnati ke ɗauke wa ɗan ƙasa a gidansa na farko har zuwa riyal miliyan ɗaya na farashin. 'Yan uwanmu Hausawa masu jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, da yawa sun amfana, na bi wa wasu takardu da hannuna kuma na yi murna da su ranar karɓar makulli. Sai dai mu kashi biyu ne a garin nan, akwai mai jinsiyya akwai mai igama, wato takardar zama ta baƙo, wanda a nan aka haife shi aka haifi babansa, shi wannan lissafin kashi 70 ɗin bai san da shi ba, rayuwarsa gaba ɗaya a haya take. Ko sabuwar dokar mallakar baƙi da ta fara aiki a Janairun 2026, mai albashin da ke ƙarewa kafin wata ya ƙare ba ita ce damuwarsa ba.

Shi ya sa na bi abin da aka yi a Riyad a 2025 da kyau. A watan Maris aka ba da umarnin fitar da filaye 10,000 zuwa 40,000 duk shekara har shekara biyar, a farashin da bai wuce riyal 1,500 kan kowace murabba'in mita ba, sannan a Satumba aka dakatar da ƙarin kuɗin haya a cikin birnin na shekara biyar. Daskarar da haya shi kaɗai baya ƙara ko ɗaki ɗaya, in ba a yi gini ba bayan shekara biyar ɗin ana nan inda ake, amma dai an nuna an ga ɗan haya, kuma dakatarwar bata tambayi ko jinsiyya gare ka ko igama ba. Ina fatan Jidda ma a buɗe ƙofa ga ƙananan shugga a titunan da bas ke bi, a sassauta sharaɗin fakin a wurin, a kuma sauƙaƙa wa mai tsohuwar imara ya gyara ta ya rarraba kowace shugga da sakkinta.

Kafin nan, abin da nake faɗa wa duk wanda ya tare ni bayan sallar Juma'a da maganar gida bai canza ba. In saye zaka yi kar ka ba da arabun, wato kafin alƙalami, sai ka ga sakki na lantarki da sunan mai sayarwa, ka ga rukhsar ginin, ka tabbata abin da ke ƙasa shi ne abin da ke takarda, don mulhaƙ, wato ɗakunan da aka ƙara a saman bene ba izini, kai zai dawo wa. In haya ce a rubuta ta a Ejar, manhajar gwamnati ta yarjejeniyar haya, ko da mai gidan aminin babanka ne, kuma ka biya ta hanyar da zata bar shaida. Gwaggona ta shekara da shekaru tana miƙa wa mai gidanta kuɗi hannu da hannu saboda mutunci, da ya rasu magada suka zo da sabon farashi, babu takarda ko ɗaya da zata nuna nawa take biya ko tun yaushe take ciki, yanzu haka a ɗakin 'yarta take zaune muna nema mata wani wurin.